Gyare-gyaren da za ka yi wa jirgin ruwan iyali da hannunka, ba tare da ka buɗe wa ruwa ƙofa ba

Abu na farko da na taɓa kafa wa jirginmu da hannuna shi ne mariƙan ƙarfe guda biyu a gefen mazaunin baya, don yara su sami abin kamawa idan igiyar ruwa ta ɗaga jirgi. Na huda, na murɗa sukuru, na shafa ɗan silikon a bakinsu, aiki ya yi kyau a ido. Bayan shekara biyu sai na fara jin wurin yana lotsawa idan an taka. Da na kwance mariƙin, ruwa mai launin ƙasa ne ya biyo sukurun, katakon da ke tsakiyar daɓen kuwa ya koma kamar jiƙaƙƙen kwali. Aikin minti ashirin ya jawo gyaran makonni. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, duk tsawon lokacin nan yarana suna jingina da ƙarfen da babu abin da ke riƙe da shi.

Tun daga ranar, kowane gyara zan yi sai na yi masa tambaya uku: rami nawa zai sa in huda, waya nawa zai sa in ja, kuma nauyi nawa zai ƙara wa jirgi, a wane ɓangare. Tsani, rumfa, fitila, akwatin kaya, duk a nan suke haɗuwa. Wanda ya iya huda rami ya toshe shi yadda ruwa ba zai bi ba, ya iya jan waya yadda ba za ta kama da wuta ba, ya riga ya iya rabin aikin.

Kafin ka ɗauki injin huda

Fara da neman ɗan allon nan da masu ƙera jirgi suke liƙawa kusa da sitiyari ko a bayan jirgi, wanda ke faɗin yawan mutane, iyakar nauyi da ƙarfin injin da jirgin zai iya ɗauka. A Amurka doka ce a saka shi a jiragen inji masu gangar jiki ɗaya da ba su kai ƙafa 20 ba, a Turai kuma allon CE ne, mai raba jirage rukuni huɗu daga A zuwa D gwargwadon irin ruwan da aka ƙera su domin shi. Duk abin da ka kafa, daga cikin wannan nauyin kake cirewa. Batir mai dalma na amfiya-awa 100 yana kai kilo 25 zuwa 30, kusan nauyin yaro ɗan firamare ke nan. Litar ruwa kilo ɗaya ce, litar fetur wajen kashi uku cikin huɗu na kilo. Ka rubuta su a takarda ka haɗa jimilla. Kuma ka tuna cewa inda nauyin yake ya fi yawansa muhimmanci: kilo goma a ƙasan tsakiyar jirgi ba ya damun kowa, kilo goma a saman rumfa kuwa yana ƙara wa jirgi tangaɗi.

Sai ka san da me aka yi jirgin. Yawancin jiragen shaƙatawa na iyali ko dai na faiba ne, wato zaren gilashi da aka daskarar cikin roba mai tauri, ko na alminiyam. Na faiba, musamman daɓensa da rufin ɗakinsa, sau da yawa fata biyu ne da ɓargo a tsakani, ɓargon kuwa katakon balsa ne, ko filawud, ko soso mai tauri. Wannan ɓargon ne ke ba daɓen ƙarfi ba tare da nauyi ba, kuma shi ne ruwa ke ruɓarwa idan ya sami hanya.

Kada ka huda ko'ina sai ka ga bayan wurin da idonka, ko ka taɓa shi da hannunka. Tankin mai, tiyon mai, wayoyi da igiyar sitiyari duk a ɓoye suke bi. Inda hannu ba ya kaiwa, tura wayar salula da fitila ka ɗauki hoto.

Akwai kuma ayyukan da nake ganin bai kamata mai koyo ya taɓa ba: huda jikin jirgi ƙasa da inda ruwa ke tsayawa, layin mai, bututun gas, da allon bayan jirgi inda inji ke rataye idan ya fara laushi. Waɗannan a kai wa ƙwararre. Haka nan soson da aka cusa ƙarƙashin mazauni da daɓe, kada ka ciro shi don neman wurin ajiya. Shi ne zai hana jirgin nutsewa ƙurmus ranar da ya cika da ruwa.

Wajen sayen bolt, noti, washa da sukuru, nemi sitenles mai lamba 316, wanda wasu ke rubuta wa A4. Mai lamba 304, wato A2, yana jure ruwan daɗi, amma a ruwan gishiri ba ya daɗewa sai ka ga jan tsatsa yana gangarowa a farin jikin jirgi.

Yadda ake huda rami a daɓen faiba

A nan zan daɗe, domin duk sauran ayyukan a kansa suka dogara. Ka sa takunkumi da tabarau, ƙurar faiba ba ta da kyau ga huhu, kuma ka sa safar hannu idan za ka taɓa efoksi, wato gam ɗin nan mai haɗi biyu da ke daskarewa ya yi tauri.

1. Manna tef ɗin takarda a wurin, ɗora abin da za ka kafa, ka yi alamar ramukan da fensir a kan tef ɗin. Tef yana hana bakin injin zamewa, yana kuma rage ɓarewar fatar waje mai sheƙi.

2. Sa ƙaramin baki na milimita 3. Fara juya injin da baya na ɗan lokaci har ya goge fatar wajen, sannan ka mayar da shi gaba. Dubi garin da ke fitowa. Fari tas, faiba ce zalla. Garin katako ko soso busasshe, akwai ɓargo mai lafiya. Baƙi mai danshi kuwa, ruwa ya riga ka shiga, ka dakata da aikin har a gyara wurin.

3. Idan akwai ɓargo, faɗaɗa ramin ya ninka kaurin bolt ɗin. Bolt mai milimita 6, rami mai milimita 12. Ka ratsa fatar sama da ɓargon kaɗai, ka bar fatar ƙasa.

4. Lanƙwasa kan ƙusa ya yi ƙugiya, ɗaura ta a injin huda, zura ta cikin ramin ka juya a hankali. Za ta ƙwaƙule ɓargon da ke kewaye kamar santimita ɗaya ta kowane gefe. Zuƙe garin duka da injin zuƙar ƙura.

5. Toshe ƙaramin ramin da bakin farko ya bari a fatar ƙasa da tef mai ƙarfi. Haɗa efoksi daidai da ma'aunin da aka rubuta a gwangwaninsa. Kada ka ƙara sinadarin daskarewa wai don ya yi sauri, ba haka efoksi ke aiki ba, sai dai ya ƙi bushewa. Fara jiƙa cikin ramin da zallar efoksi, sannan ka kaurara sauran da garinsa na musamman har ya yi kauri kamar man shafawa, ka ɗura da sirinji tun daga ƙasa zuwa sama don kada iska ta maƙale. Bar shi ya kwana.

6. Washegari huda ramin gaskiya, daidai kaurin bolt, a tsakiyar efoksin da ya daskare. Yanzu bolt ɗinka yana cikin zoben efoksi. Ko ruwa ya biyo shi, ba zai kai ga ɓargo ba, kuma in ka ɗaure noti daɓen ba zai matse ba.

7. Ɗan fafe bakin ramin ta sama ya yi kamar bakin mazurari, kaɗan kawai. Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali shi ne ke hana tsagewar nan mai kama da saƙar gizo-gizo, kuma a cikin fafen ne abin toshewa ke taruwa ya zama zoben da ke tare ruwa.

8. Cire tef, goge wurin da barasar goge-goge ta asibiti, ka bar shi ya bushe. Shimfiɗa tef ɗin butil, wato abin toshewa mai danƙo da ba ya bushewa, a ƙarƙashin abin da za ka kafa, ka naɗa ɗan kaɗan a wuyan kowane bolt.

9. Ta ƙasa sa farantin tallafi, na sitenles, ko alminiyam mai kauri, ko allon faiba, wanda ya fi gindin abin faɗi. Mutum ɗaya ya riƙe kan bolt ta sama kada ya motsa, ɗaya ya ɗaure noti ta ƙasa. Idan bolt ya juya, yana yage abin toshewar. Ka yi amfani da noti mai zoben roba a ciki, wanda jijjigar inji ba ta kwance shi. Butil yana malala a hankali, saboda haka ɗaure kaɗan yau, ƙara gobe, ƙara jibi, ka yanke rarar da ta fito.

Duk abin da mutum zai ja ko ya rataya a jikinsa, bolt mai ratsawa da faranti yake buƙata. Sukuru na abin ajiye kofi ne da ƙugiyar tawul.

Game da abin toshewa: butil na saman jirgi ne, ba ya jure fetur kuma ba a sa shi a ƙarƙashin ruwa. Inda ruwa ke yawan dukan wuri, Sikaflex 291 ko 3M 4200 sun fi dacewa. 3M 5200 gam ne na har abada, idan ka sa shi a abin da wata rana za ka so cirewa, sai ya taho da fatar jirgin. Silikon kuwa na daina sa shi a faiba: ba ya kamawa da kyau, kuma yana barin maiƙon da ke hana kowane gam ko fenti zama a wurin daga baya.

Mai jirgin alminiyam ba shi da matsalar ɓargo a jikin ƙarfen, tasa daban ce. Idan sitenles ya haɗu da alminiyam a cikin danshi, musamman na gishiri, alminiyam ɗin ne ke cinyewa ya zama farin gari. Ka shafa man kariya irin Tef-Gel ko Duralac a zaren bolt, ka raba ƙarafan biyu da washar roba. Kada ka shimfiɗa katakon da aka jiƙa da maganin hana ruɓewa mai jan ƙarfe a jikin alminiyam, kuma kada ka bar guntun wayar tagulla a ƙasan jirgi, zai iya cin wurin har ya huda.

Tsanin hawowa daga ruwa

Da za a ce in zaɓi gyara ɗaya tak, wannan zan zaɓa. Mutum mai ƙarfi ma, idan ya gaji kuma tufafinsa sun jiƙe, da wuya ya iya jan jikinsa ya haye gefen jirgi. Balle tsoho, balle uwa da ke ƙoƙarin tura yaro sama.

Sharaɗi biyu ne. Na farko, wanda ke cikin ruwa ya iya sauke tsanin da kansa, ba sai wani ya miƙo masa ba. Tsanin da ke kulle cikin akwati ba shi da amfani ga wanda ya faɗa ruwa shi kaɗai. Na biyu, ya shiga ruwa sosai. Ƙa'idar ABYC, majalisar da ke tsara ma'aunin ƙera ƙananan jirage a Amurka, ta ce matakin ƙarshe ya kai inci 22 ƙasa da saman ruwa, wato kusan santimita 56. Yawanci sai mai mataki uku ko huɗu ke kaiwa haka. Mai mataki biyu yana tilasta wa mutum ya ɗaga gwiwa har ƙirji, kuma a nan ƙarfi ke ƙarewa.

Kafa shi a bayan jirgi, nesa da farfela iyakar yadda wuri ya ba ka. Juya injin dama da hagu har ƙarshe, ka ɗaga shi sama, ka tabbata ba ya taɓa tsanin a buɗe ko a naɗe. Sa mariƙi a samansa daidai inda hannu zai kai. Idan ka gama, wanda ya fi kowa nauyi a gidan ya gwada shi a ruwa marar zurfi, da tufafi a jikinsa. Dokar jirginmu ita ce, ba mai kusantar tsani sai an kashe inji an zare makulli. Ka kuma duba igiyar nan da direba ke ɗaurawa a jikinsa, wadda ke kashe inji idan ya faɗi. In ta tsufa ka sauya ta. Amurka ta wajabta amfani da ita a yawancin jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba tun daga 1 ga Afrilu, 2021.

Mariƙan hannu na yara ma a nan suke shiga. Zaunar da yaron a inda ya saba zama, ka ga inda hannunsa ke nema da kansa, a nan za ka kafa. Tsayin babba daban, na yaro daban.

Famfon kwashe ruwa, da yadda ake jan waya

Lambar da ake rubutawa a jikin famfo tana ruɗin mutane. Mai galan 500 a awa yana nufin kimanin lita 1,900 a awa, wato lita 31 a minti, kuma an auna wannan ne ba tiyo, ba hawa, da cikakken batir. A cikin jirgi abin da zai fitar bai kai haka ba. Ramin da faɗinsa santimita biyu da rabi, idan yana santimita 30 ƙasa da saman ruwa, yana shigo da fiye da lita 40 a minti. Ka ga ƙaramin famfo na ruwan sama ne da fantsama. Shi ya sa nake son famfo biyu: ƙarami a can ƙasa yana kwashe na yau da kullum, babba a ɗan samansa yana jiran ranar wahala, tare da ƙararrawa da za ta yi kuka idan ruwa ya kai gare shi.

Ajiye famfon a mafi zurfin wuri, yawanci can baya. Kada sukurunsa ya shiga jikin jirgi. Manna guntun allon faiba a ƙasan da efoksi, ka ɗaura famfon a kansa. Makunnin da ke tashi da ruwa ya zauna kusa da shi, inda waya ko tiyo ba za su danne shi ba. Nemi tiyo mai santsin ciki, domin mai gurgu-gurgu yana rage gudun ruwa sosai, ka ja shi gajere ba lanƙwasa da yawa. Mafitarsa ta kasance sama da ruwa ko da jirgi ya cika da mutane ya karkata, kuma tiyon ya ɗan haura sama da mafitar kafin ya sauko, don kada ruwan waje ya biyo shi ciki.

Yanzu waya. Wayar gida mai silli ɗaya ba ta aiki a jirgi, jijjiga tana karya ta. Ta jirgi mai silli da yawa ce, an kuma shafe kowane silli da kuza don kada ya yi kore. Kaurinta ba da ido ake zaɓa ba, da lissafi ne. Ga abubuwan da rai ya dogara a kansu, irin su famfo da fitilun tafiya, kada wutar ta ragu fiye da kashi 3 cikin 100 a hanya, wato volt 0.36 a tsarin volt 12. Ninka 0.0175 da tsawon waya zuwa da dawowa a mita, ninka da amfiyar da abin ke ja, ka raba da 0.36. A ce famfo yana jan amfiya 5, kuma mita 4 ne tsakaninsa da batir. Zuwa da dawowa mita 8 ke nan. Lissafin zai ba ka kaurin waya na murabba'in milimita 1.94, sai ka sayi mai murabba'in milimita 2.5. Kullum sama ake hawa. Ga fitilun ado da makamantansu, ragin kashi 10 ba laifi.

Fiyus wayar yake karewa, shi ya sa ake sa shi kusa da batir, cikin inci 7 daga kan da ke da alamar tarawa, kimanin santimita 18. Wayar da ba fiyus, in ta goge ta taɓa ƙarfe, za ta yi ja kamar garwashi cikin daƙiƙoƙi, faiba kuwa tana ci da wuta. Ga famfo, sa girman fiyus ɗin da masu ƙera shi suka faɗa, kada ka ƙara, domin idan datti ya maƙale masa, fiyus ne zai hana shi ƙonewa. Layin famfo mai tashi da kansa ya tafi batir kai tsaye ta fiyus ɗinsa, kada ya bi ta babban makunni, don ya yi aiki ko ba kowa a jirgi.

Cire kan batir mai alamar ragi kafin ka fara, shi ne kuma na ƙarshe da za ka mayar. Haɗa wayoyi da mahaɗin matsewa mai rigar roba da ke tsukewa da zafi, mai gam a ciki. Matse da filayar da aka yi don haka, sannan ka ja da ƙarfi ka gani ko zai zame. Murɗa wayoyi a naɗe da baƙin tef aikin wata biyu ne a cikin danshi. Duk mahaɗi ya kasance sama da inda ruwa zai iya kaiwa. Ɗaure waya a jikin jirgi duk bayan santimita 45, inda ta ratsa rami kuma sa mata zoben roba. A jirgin alminiyam kada ka mai da jikin jirgi hanyar dawowar wuta kamar yadda ake yi a mota, kowane abu da wayarsa ta dawowa. Kuma idan injinka mai fetur ne na cikin jirgi, duk abin lantarkin da zai shiga ɗakin inji ko kusa da tanki dole ya zama wanda aka rubuta cewa ba ya fitar da tartsatsi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya.

Da ka iya wannan, sauya fitilu zuwa LED da sa wurin cajin waya abu ne na yamma ɗaya. Ƙwan halojin mai wat 10 yana jan kusan amfiya 0.8, LED mai haskensa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na haka ba. Wurin cajin USB ka sa masa makunni, domin wasunsu suna tsotsar batir ko ba a jona komai ba. Idan iyalinka masu son tsayawa ne a kashe inji a kunna rediyo da firji, ƙara batir na biyu da na'urar da ke haɗa su lokacin caji ta raba su in inji ya tsaya, don na tayar da inji ya zauna a cike. Batir mai dalma rabinsa kawai ake ci in ana so ya yi ƙarko. A sa shi cikin akwati, a ɗaure da maɗauri, a rufe kawunansa, a bar masa hanyar iska.

Rumfa

Inuwa ce ke sa yara da tsofaffi su jure wuni a kan ruwa. Rumfa mai naɗewa tana tsayawa ne a kan ƙafa biyu, ɗaya a kowane gefe, kuma ƙafafun suna daidai tsakiyar tsawonta. Saboda haka ka fara zaɓar inda kake son inuwar, ka nemo tsakiyarsa, a nan ƙafa za ta zauna. Auna faɗin jirgi tsakanin wuraren biyu, sannan ka auna tsayi daga can zuwa inda kake son rufin. In kana tuƙi a tsaye, ka tsaya a auna da kai. Haɗa ƙarafan a ƙasa, mutum biyu su riƙe ta a kan jirgi, a buɗe ta a naɗe ta a gani ko tana karo da gilashi ko inji, sannan a yi alama a huda. Yadin akirilik da aka rina tun daga zarensa, irin Sunbrella, ya fi jure rana. Ka gaya wa yara cewa ƙarfen rumfa ba mariƙi ba ne, kuma a naɗe ta in za a yi gudu sosai ko za a ja jirgi a kan titi.

Abu biyu ake mantawa. Na ɗaya, fitila. Dokokin hana karo a teku na 1972 sun yarda jirgin inji da bai kai mita 12 ba ya yi amfani da farar fitila ɗaya da ake gani ta kowane ɓangare, tare da ja a hagu da kore a dama, kuma farar ta ɗara su tsayi da aƙalla mita ɗaya. Idan rumfa ta tare ta, sai ka sauya mata sanda mai tsawo.

Na biyu ya fi tsanani. Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Idan ka ƙara wa rumfa labulen gefe, tafiyar jirgi tana jawo iskar baya ta dawo ciki, ta taru inda mutane ke zaune. Alamunta ciwon kai, jiri da tashin zuciya, shi ya sa ake ɗaukar ta a matsayin jirin ruwa, a ce yaro ya kwanta ya huta a daidai wurin da ke cutar da shi. Kullum ka bar gaba a buɗe iska ta ratsa. In jirgin yana da ɗaki, sa na'urar gargaɗi ta jirgin ruwa. Kada kowa ya zauna a dandamalin baya muddin inji ko janareta na aiki.

Santsi da wurin ajiya

Tabarmar soso ta EVA mai gam a bayanta tana maganin santsi, tana da taushi ga gwiwar yara, kuma ba ta buƙatar rami ko ɗaya. Shimfiɗa leda mai kauri ka zana siffar wurin, yanka tabarmar da sabuwar reza, ka zagaye kusurwoyi domin kusurwa mai tsini ce ke fara ɓanɓarewa. Wanke daɓen, goge da barasar goge-goge, ya bushe sarai. Ajiye tabarmar a mazauninta, riƙe tsakiyarta da tef, ɓare rabin takardar baya ka manna, sannan ɗaya rabin. Gam ɗin ba ya ba da damar gyara, inda ya taɓa nan ya zauna. Danne ko'ina da ƙarfi, ka ba shi kwana ɗaya kafin ruwa ya taɓa shi. Bar hanyoyin ruwa da bakin magudana a buɗe. Launi mai haske ya fi, mai duhu yana ƙona tafin ƙafa da rana.

Don ƙananan kantoci da akwatuna, allon roba na HDPE irin King StarBoard ba ya ruɓewa kuma ana yanka shi da kayan kafinta, sai dai gam ba ya kama shi, da sukuru ake haɗawa. In filawud za ka sa, shafe shi da efoksi sau biyu ko uku, musamman bakin yanka, sannan ka yi masa fenti, domin rana tana lalata efoksin da ba a rufe ba. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa kuma tsakiya. Kular ƙanƙara a ɗaure ta, cikakkiyar kula da ta zame tana iya karya ƙafar yaro. Rigunan ceto kuwa a jiki ya kamata su kasance, na ajiya kuma a aljihun raga inda ake ganinsu suna shan iska, kada a danne su ƙarƙashin anga da igiyoyi. Abin kashe gobara a rataye shi inda direba zai miƙa hannu ya ɗauka, nesa da inji, tunda can wutar za ta fi tashi. In za ka sa sifika, nisanta ta daga kamfas, maganaɗisun cikinta yana karkatar da allurar.

Gwaji

Kafin jirgi ya koma ruwa, wani ya zuba ruwa da tiyo a kan kowane sabon abu na 'yan mintoci, kai kuma kana ƙasa da fitila da busasshiyar takarda kana taɓa gindin kowane noti. Zuba bokiti biyu ko uku a ƙasan jirgi ka tsaya ka ga famfo ya tashi da kansa, ya kwashe, ya tsaya da kansa, sannan ka kashe babban makunni ka sake gwadawa. Kunna duk abin lantarki na minti goma ka bi wayoyin da hannu, wadda ta yi ɗumi ta yi siriri ko mahaɗinta bai matsu ba.

Fitar farko ka yi ta ba yara, kusa da gaɓa. Dubi yadda jirgin ya zauna a ruwa: ya karkata gefe ɗaya, bayansa ya nutse fiye da da, yana jinkirin miƙewa in ka ba shi wuta? In haka ne, matsar da nauyi kafin ka ɗauko iyali. Bayan fita uku ko huɗu sake bin notuna da sifana. Sannan ka zana taswirar wayoyin da ka ja a takarda, da girman kowane fiyus, ka sa ta cikin leda tare da fiyus na ajiya, ka liƙa a cikin murfin akwatin batir, ka nuna wa wanda ke tuƙi in ba ka nan inda take.